Garin Anoka: Inda Kwali Da Gwanjo Ke Fitar Da Ma'aurata Kunya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi ce. A wannan watan zan kai ku wani ƙaramin gari mai suna Anoka a jihar Minisota ta ƙasar Amurka, wanda na ziyarta a watan Oktoba na 2023 lokacin da na je duba ƙanwata da ke aure a birnin Miniyapolis.

Anoka na da nisan kilomita kusan 30 daga Miniyapolis, ta arewa maso yamma, daidai inda kogin Rum ke zuba cikin babban kogin Misisifi. Mutanensa kusan 18,000 ne, amma suna yi wa garinsu kirari da hedikwatar bikin Halowin ta duniya. Shi Halowin ana yin sa ne a daren 31 ga Oktoba. Asalinsa wani tsohon bikin ƙarshen kaka ne na mutanen Ailan da Sukotland, daga baya ya haɗu da jajibirin wata ranar ibadar Kirista da ke zuwa 1 ga Nuwamba, sannan baƙin da suka yi ƙaura daga can a ƙarni na 19 suka kai shi Amurka. Ba bikinmu ba ne, kuma ba don a kwaikwaya na kawo labarinsa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu ƙaramin ƙarfi ke fita kunyar bikin ba tare da sun taɓa kuɗin cefane ba.

A yau yawancin Amurkawa sun ɗauke shi a matsayin daren shigar burtu da rabon alewa. Yara kan yi shiga kala-kala su bi gida-gida ana ba su alewa, kamar dai yadda yaranmu ke manna gemun auduga su cusa tsumma a ciki lokacin tashe. Manya kuma, musamman miji da mata, kan yi shigar da ta dace da juna su tafi liyafa ko jerin gwano.

Yadda Anoka ya shiga harkar ma abin ji ne. A da, samarin garin kan kwana suna ɓarna a wannan dare, har a wayi gari a ga shanun da suka kwance suna yawo a tsakiyar babban titi. Sai a 1920 manyan gari suka yi shawarar shirya jerin gwano da rabon kayan maƙulashe don a shagaltar da su. Dabarar ta ci, kuma aka ci gaba da yi duk shekara, in ban da 1942 da 1943 da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata muka je kallon babban jerin gwanon. Kabewa ce jere a ƙofar kusan kowane shago, iska kuma mai sanyin da ke ratsa ƙashi. Sanyin nan ba wasa ba ne, don har yau mutanen jihar na ba da labarin Halowin na 1991, da dusar ƙanƙara ta fara zuba ta yi kwanaki, har tudunta ya haura santimita 70 a Miniyapolis. Shi ya sa ƙa'idar farko ga mai haɗa kayan shiga a Minisota ita ce ya yi su da faɗi, yadda za su hau kan rigar sanyi.

Kuɗin da ake kashewa kuwa sai wanda ya ji. Ƙungiyar masu shaguna ta Amurka, wato NRF, ta ƙiyasta cewa a 2023 za a kashe dala biliyan 12.2 a bikin, biliyan 4.1 daga ciki a kan kayan shiga kawai. A wani shagon wucin gadi da muka leƙa, irin waɗanda ake buɗewa don bikin a rufe bayansa, na ga kayan babba ɗaya a leda kan dala 50. Miji da mata ke nan dala 100, a kan abin da za a sa na dare ɗaya.

Maƙwabtan ƙanwata ba sa cikin masu wannan ɓarin kuɗin. Mijin direban motar 'yan makaranta ne, matar kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ga 'ya'ya uku, ga kuɗin haya. Matar ta ce da ni tun farkon wata suke yanke abin da za su kashe, kuma a wannan shekarar dala 20 suka ware wa kansu su biyu. Ba sa fara tunanin me za su zama sai sun buɗe akwatin tsofaffin kaya sun ga me ke ciki. Da suka ga mijin yana da riga mai gidan dara ja da baƙi da wandon jins, sai suka tsayar da shawara a kan Paul Bunyan da sansa Babe.

Shi Paul Bunyan wani ƙaton masassaƙin daji ne a tatsuniyar Amurka, Babe kuma shuɗin sa ne da ba ya rabuwa da shi. Ana cewa wai sawun ƙafafunsu ne ya zama dubban tabkunan Minisota, kuma tun 1937 aka kafa manyan mutum-mutuminsu a garin Bemidji. Saboda haka duk ɗan jihar da ya hango su ya gane su.

Na zauna na ga yadda suka yi aikin a kan teburin cin abinci bayan yara sun kwanta. Mijin ya yanka kan gatari daga kwalin da ya roƙo a shago, ya naɗe shi da takardar gwangwanin da ake rufe abinci, ya ɗaura a sandar tsohuwar tsintsiya. Matar ta sayo shuɗiyar rigar sanyi mai hula a shagon gwanjo na Goodwill, ta ɗinka ƙaho biyu da farin ƙyalle ta cusa musu auduga, ta kitsa wutsiya da zaren saƙa. Ba ta yanka rigar ba, ba ta kuma sa mata gam ba. Tsaga-tsagan ɗinki ta yi da allura yadda washegari za ta warware, rigar ta koma ta zuwa aiki. A ƙarshe ta liƙa wani tef mai ƙyalli a bayan kowannensu don direbobi su gan su da dare. Dare biyu suka yi, ana yi ana gardamar wa zai zama sa, ana dariya, kuma kuɗin bai ƙare ba.

A wurin jerin gwanon na ga ire-irensu da dama. Wasu ma'aurata sun zama gishiri da masoro: ita farar riga, shi baƙa, kowa da harafi ɗaya a ƙirji da hular kwali mai huji-huji. Wata ta manna auduga a kan lema ta rataya ɗigon ruwa na shuɗiyar takarda ta zama hadari, mijin na biye da ita cikin rigar ruwa da takalmin roba. Wani ya cusa ciyawa a hannun riga ya zama mutum-mutumin gona, matarsa cikin baƙaƙen kaya da bakin kwali ta zama hankaka. Wasu dattawa biyu kuma suka kwaikwayi sanannen zanen nan na Grant Wood na 1930, manomi riƙe da sandar kwasar ciyawa mai yatsu uku da mace a gefensa, suka ɗaure fuska tamau, jama'a na ta ɗaukar su hoto.

Abin da na lura shi ne, kayan leda duk kamarsu ɗaya, mutum goma sai su fito da iri guda. Na gida kuwa ba ka ganin biyu iri ɗaya, kuma su ake tsayawa kallo. Sirrinsu shi ne kowane ɗaya shi kaɗai ba ya ba da ma'ana. Mace cikin shuɗiyar riga da ƙaho ba kowa ba ce sai mai gatari ya tsaya kusa da ita. Don haka dole a yi shawara, dole wani ya sauko daga ra'ayinsa, dole a zauna tare a yi.

Masu hangen nesa a cikinsu kuma sukan jira 1 ga Nuwamba, ranar da shaguna ke karya farashin ragowar kaya, su sayi fenti da ƙyalle na baɗi. Mai auduga da kwali a jiki kuwa ana ja masa kunne ya nisanci kyandir ɗin da ake kunnawa cikin kabewa.

'Yan uwa, mu ma mun san zafin kayan rana ɗaya. Nawa ne daga cikinmu suka ci bashin anko, aka sa sau ɗaya aka ninke a akwati, bashin kuma ya bi mu wata da watanni? Matar direban nan tana zaune a ƙasar da tallar kaya ke bin mutum har cikin ɗakinsa, amma ta yanke iyakarta tun kafin ta shiga shago, ta fara da abin da ke hannunta, ta kuma jawo mijinta cikin shawarar. Wannan kam ba sai an je Anoka ake iya yin sa ba. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke da shi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.