Amfilifayar Kawu da Akwatin da ya Gaje Ta

Yau ba zancen alƙalami na zo da shi ba, zancen jita ne, amma ku yi haƙuri da ni zuwa ƙarshe.

Kawuna ya yi kiɗa a otal-otal na Jos tun kafin a haife ni. Da ya ajiye sana'ar, sai ya ba ni jitarsa, da amfilifaya ƙirar Ingila mai aiki da bawul, da wasu ƙananan akwatunan feda guda huɗu da ake takawa da ƙafa don sauya muryar jita. Ranar da ya miƙa mini su abu ɗaya ya ce: "Ka bar ta ta ɗumama kafin ka taɓa tsirkiya."

Sai da na shiga kwalejin kimiyya da fasaha, ina karatun difiloma a fannin lantarki, na gane abin da yake nufi. Bawul kwalba ce ta gilashi mai kama da ƙwan fitila, an zuƙe iskar cikinta. Akwai siririyar waya da take yin ja idan wuta ta shiga, kuma sai ta yi zafi kafin bawul ya fara ƙara ƙarfin sauti. Fasaha ce tsohuwa, tun 1906 Lee De Forest ya ƙirƙiro ta a Amurka. Taransisto ya zo a 1947, ya kore ta daga rediyo da talabijin, amma makaɗan jita suka ƙi sakinta. Dalili kuwa, idan ka matsa wa bawul fiye da ƙarfinsa, ba ya fasa sauti da kaushi, sai ya lanƙwasa shi a hankali, muryar ta yi kauri da ɗumi. Ka taɓa tsirkiya a sanyaye ta yi maka raɗa, ka doke ta ta yi gurnani.

To, amma wannan daɗi yana da kuɗinsa. Amfilifayar ta fi buhun siminti rabi nauyi. Duk bikin da aka gayyace mu, sai na yi ciniki biyu da mai a-daidaita-sahu, nawa da nata. Fedojin kuma kowanne da wayarsa, waya ɗaya ta yi sako-sako sai ka tsuguna gaban jama'a kana lalube. Ga wutarmu da kuka sani.

A wata liyafar biki a Kaduna abin ya faru. Janareto yana hawa yana sauka, ango da amarya sun shigo fili, kawai sai na ji ƙauri, sauti ya ɗauke. Na leƙa baya, bawul ɗaya ya yi fari fat a samansa, alamar iska ta shiga. Mai fiyano ne ya rufa mini asiri har aka tashi.

Na yi makonni ina zagaya masu gyaran rediyo. Matasan cikinsu ba su taɓa ganin bawul ba, dattijon da ya san shi kuma dariya ya yi, ya ce rabonsa da irinsa tun zamanin rediyo mai akwatin katako. Masana'antun da suka rage suna ƙera shi 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma yaƙin da ya ɓarke a 2022 ya sa ya ƙara tsada da wuyar samu.

A nan na fara karanta labarin na'urorin da suke kwaikwayon amfilifaya da lissafi. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, ja mai siffar wake. A 2011 Kemper na Jamus ya zo da wadda take aika sauti cikin amfilifaya ta gaske, ta saurari abin da ya fito, ta haddace halinta. Aikinsu ɗaya ne a taƙaice: a mayar da muryar jita lambobi, sau dubbai a daƙiƙa guda, kwamfutar ciki ta lissafa abin da bawul da lasifika za su yi wa muryar, sannan a mayar da ita sauti. Na tara kuɗin biki biyar na sayi wata ƙarama ta hannu. Tana shiga jakar goyo, kuma da abin sauraro a kunne ina atisaye da tsakar dare ba mai ji.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan gaya wa Kawu. Ji nake kamar na sayar da gonar gado. Na ɗauki sauti a waya na kunna masa ban ce komai ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ka samo mata kwalbar." Da na fito da akwatin sai ya yi shiru, ya karɓi jita ya kaɗa na ɗan lokaci.

"Kawu, yaya ka ji?"

"Kunnena ya yarda, ɗana. Ƙirjina ne bai yarda ba."

Gaskiya ya faɗa. Mai sauraro ba zai bambance ba, amma wanda ya saba lasifika tana tura masa iska a bayan gwiwa zai ji an rage wani abu.

Matsalar da ban zata ba kuwa daga ni ta fito. Na'urar tana da muryoyin amfilifaya da feda barkatai. Na yi wata biyu ina murɗa maɓalli kowane dare, ina gwada wannan ina gwada wancan, ban koyi sabon kiɗa ko ɗaya ba. Da can murya ɗaya gare ni, dole yatsuna su nemo sauran. Da na farga, sai na goge komai na bar biyu, mai tsabta da mai kauri. Daga ranar na koma kiɗa.

Wannan ne ya sa na kawo zancen nan gidan. Da yawanmu mun bar biro da littafi mai shafi tamanin mun koma waya. Ba laifi ba ne, ni ma a waya na rubuta wannan. Amma na san marubucin da ya sauke manhajar rubutu kala biyar, ya zaɓi bangon littafi, ya sauya suna sau uku, babi na ɗaya kuma har yau bai kammalu ba. Kayan aiki na zamani sun sauke mana nauyin ɗauka, ba su sauke mana zaman aiki ba.

Daga baya wani abokina da ya dawo daga Legas ya samo mini bawul. Na gyara amfilifayar da hannuna, bayan na sauke wutar da take maƙale a cikinta, domin ta haura bolt 400 kuma tana iya kisa ko an zare soket. Na mayar da ita ɗakin Kawu. Biki da akwatina nake zuwa. Ranar Asabar da yamma kuwa, idan akwai wuta, can za ku same mu, muna zaune muna jira ta ɗumama.

Ku fa, wane tsohon kayan aiki kuka ajiye, kuma me ya bi shi ya tafi?