Masuncin da ya aje taru don koya wa yara iyo

A ƙasar Rumbu, gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi, babu kogi. Mafi yawan watannin shekara ruwa sai a rijiya, da guga da igiya mai tsawo. Shi ya sa da wani magidanci ya ce zai bar sana'arsa ya koma koya wa yara iyo, mutanen garinsu suka yi ta dariya. Yanzu sun bar dariya. Ga yadda abin ya faru.

Mutumin ɗan manomi ne. Tun yana saurayi ya tafi cin rani gabas, har Tabkin Cadi, wajen Boso. Can ya koyi su da taru, da tuƙa kwalekwale, da bandar kifi. Can kuma ya koyi iyo, bayan ya sha ruwa ba sau ɗaya ba. Shekara da shekaru yana aiko kuɗin hatsi gida. A 2015 rashin tsaro ya sa hukuma ta ce mutane su fita daga tsibiran tabkin. Ya dawo gida da tarunsa a kafaɗa, yana jiran hanya ta buɗe ya koma.

Kowa ya san yadda damina take a wannan yanki. In an yi ruwa mai ƙarfi, sai ya kwanta a kwarin Tarka, da tabkuna, da ramukan da aka haƙa don yin tubali. Wurin da yara suka yi wasa jiya a kan rairayi, yau ya zama ruwa.

Wata rana a cikin Agusta, ɗan wansa mai shekara 8 ya fita kiwon awaki da abokansa biyu. Ɗan akuya ya maƙale cikin taɓo. Yaron ya shiga ya ciro shi, ƙafarsa ta faɗa rami. Abokan suka gudu. An sha hana su zuwa tabki, suna tsoron duka, don haka ba su faɗa wa kowa ba sai da magariba. Masuncin ne ya shiga ya ɗauko gawar. Ruwan wurin iyakarsa ƙirjin babba.

Ya karɓi ƙaddara kamar kowa. Amma abu biyu suka hana shi barci. Da yaron ya iya kwanciya rigingine a kan ruwa, da ya tsira. Da abokansa sun yi kururuwa, akwai masu noma kusa.

Da kaka ta yi, tsofaffin abokan aikinsa suka aiko masa ya zo su yi su a tabkin Madarunfa. Ya yi kwana uku yana tunani. Daga baya ya tafi ƙofar maigari, ya ce: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni yaran gari in koya musu iyo in damina ta dawo."

Wansa na zaune a wurin. Ya ce: "Ƙanena, ruwan da ya ci ɗana, shi za ka kai ɗiyan mutane?"

Ya ce: "Yaya, ko an hana su, za su je. Gara su je tare da ni."

Maigari ya ce a gwada. Daminar farko, gida huɗu kaɗai suka ba shi yara.

Ga yadda yake aikinsa. Da safe, kafin yara su zo, yakan shiga tabki da sanda, yana taka ƙasa, yana neman rami, da ƙaya, da fasasshen kwalba. Sai ya kafa turaku ya zagaye su da igiya, a inda ruwa bai wuce ƙugun yaro ba. Ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 6 ba. Ba ya sa fiye da yaro biyar a ruwa lokaci guda. Sauran su zauna a bakin tabki suna kallo.

Darasin farko, yaro ya sa fuska a ruwa ya hura iska. Na biyu, ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya saki jiki, malamin na tallafe da bayansa har ya janye hannu. Wannan darasi shi ya fi ba shi muhimmanci, don yaron da ya iya shi yana numfashi har taimako ya zo. Bayan haka ne ake kama jarka ko gora ana buga ƙafa, sannan a koyi jan ruwa da hannu.

Darasi na ƙarshe a kan tudu ake yin sa. In wani ya faɗa ruwa, kada ka bi shi, don mai nutsewa yana riƙe mai ceto su tafi tare. Yi kururuwa. Miƙa masa sandar kiwo, ko rawani, ko jefa masa jarka mai murfi. Ya kuma roƙi iyaye alkawari ɗaya: yaron da ya zo da gudu ya ce wani ya faɗa ruwa, ba za a doke shi ba.

Ƴan mata suna da ranarsu, matarsa na zaune a wurin, don su ne ke wanki da ɗibar ruwa a bakin tabki. Da makiyaya kuma ya yi shawara, ya bar musu mashayar dabbobi, ya koma gefe. Ba a daɗe ba ɗiyan Fulani da na Buzaye suka shigo cikin ɗalibai.

Akwai matsalar da ba ya ɓoyewa. Ruwan tabki yana iya ba da tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa. Ya je likita ya nemi bayani. Tun ranar ya kafa doka: ba fitsari, ba bayan gida a ruwa ko bakinsa, ba shan ruwan. Wanda ya ga jini a fitsarinsa a kai shi likita. In an zo rabon maganin tsargiya a lakwal, kowa ya sha.

Samun fa? Tiya ɗaya ko biyu ta hatsi daga kowane gida in kaka ta yi, da ƙwaryar nono daga ruga. Wasu ba su ba da kome. Bai kai rabin abin da kifi ke kawowa ba, kuma aikin na ƴan watanni ne, tabki ya ƙafe. A shekara ta biyu sai da ya sayar da tarunsa ya sayi hatsi. Matarsa ta ce: "Maigida, yanzu kam ka rufe hanyar komawa." Ya ce ya sani.

Wannan masifa ba ta Rumbu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. A ƙasar Bangaladash an koya wa yara masu yawa iyo a kududdufan ƙauye, cikin shingen itace. Yaro ba ya gamawa sai ya yi iyon mita 25. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don yaƙi da nutsewa. A Nijar, ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

A damina ta uku, wata safiya yana ɗaure igiya, ya ɗaga kai ya ga wansa tsaye, riƙe da hannun ƙaramin ɗansa. Ya ce: "Ƙanena, ga shi nan. Ka fara masa da kwanciyar nan." Bai tafi gona ba sai da aka gama darasin.

Manoma da makiyaya, kusan kowane gari akwai wanda ya yi cin rani a bakin ruwa, ya iya iyo. Ku neme shi tun kafin ruwan farko, ku yanka masa abin da za ku iya. Ƙananan da ba su kai koyo ba kuwa, maganinsu ido: a rufe bakin rijiya, a cike ramin da ke kusa da gida, kada a bar su a hannun yaro ɗan'uwansu.