Daga Sakkwato Zuwa Kalmalo Da Keken Batir

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, akwai wani ɗan'uwanmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda Allah Ya jarrabe shi da shanyewar ƙafafu, har ya shekara shida bai taka Kalmalo mahaifarsa ba, alhali kuwa yayarsa tana can, tsufa ya kama ta, kullum tana aiko masa cewa tana son su gana kafin ta Allah ta kasance. Da 'ya'yansa suka saya masa keken guragu mai aiki da batir, sai muka ɗaura niyyar raka shi, domin sada zumunci ba ya faɗuwa daga kan bawa don ƙafa ta gaza.

Shi wannan keke batir biyu gare shi masu bolt 12 kowanne, ana sarrafa shi da ɗan sanda a hannu ɗaya, cikarsa da wuta kuwa kan ci kwana guda. Amma nauyinsa ya fi ƙarfin mutum biyu, ba ya kuma naɗuwa ya shiga bayan tasi. Saboda haka muka yi hayar a-kori-kura, muka sa kafinta ya yanka mana katako biyu masu kauri na hawa da sauka, muka ɗaure keken da igiya ta kusurwa huɗu, muka rufe shi da tabarma, gama zafin rana yana rage wa batir kwana.

Muka tashi bayan asuba, muka bi ta Kware da Gwadabawa, garin Marafa Maiturare wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915, muka isa Illela da hantsi, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. Da gangan muka kauce wa Lahadi, ranar kasuwar Illela, sa'ad da shanu da raƙuma da manyan motoci kan toshe hanya. Birnin Ƙonni na Nijar yana nan dab, amma wanda ya tuna yadda aka rufe iyakar a 2019, aka sake rufe ta a 2023, ya san ba a ƙulla tafiya bisa tsammanin za a tsallaka a yi gyara ko a sayo wani abu. Duk abin da keke ke bukata, a taho da shi daga gida.

Kalmalo ta yi suna ne saboda tafkinta, wanda ruwan kwarin Maggiya ke gangaro masa daga Nijar. Dattawa suna ba da labarin kifi da noman rani na dā, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya taɓa shi. Mu dai abin da ya fara tarbarmu shi ne rairayi. Ko taki ashirin keken bai yi ba ƙafafunsa suka nutse, injin yana kuka yana shan wuta a banza. Dabarar da ta fisshe mu ita ce shimfiɗa katakon nan da tabarmi a gabansa, samari suna ɗaukowa daga baya suna mayarwa gaba, har ƙofar zaure. Nan kuma dokin ƙofa ya tsaya mana, sai da aka cike shi da ƙasa. Da ya shiga, yayarsa ta kama hannunsa ta daɗe ba ta ce uffan ba. Da dare muka cika batir da janaretan wani maƙwabci, domin mun aika tun da wuri an yi mana alkawarinsa.

Wurin da zuciyarmu ta sosu shi ne masallaci. Matakala uku suka raba shi da sahu, ya yi la'asar a waje shi kaɗai. Shari'a kuwa ta sauƙaƙa masa: Imrana ɗan Husaini ya sami izinin salla a zaune saboda ciwo, Ummu Salama ta yi ɗawafi bisa abin hawa, ƙafar keke kuma in an goge ta hukuncinta bai wuce na takalmi mai tsarki ba. Ashe ba addini ne ya tsare shi a waje ba, magini ne.

Ya ku 'yan kasuwa masu gina masallatai don neman lada, buhun siminti kaɗan ya isa a yi gangara a gefen matakala, a kuma faɗaɗa ƙofa ɗaya. Ku kuma ma'aikata, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ku dubi ƙofar ofishinku gobe da safe.

Kafin mu baro garin mun bar musu katakon nan biyu a bakin masallaci, liman ya ce akwai tsofaffi uku da suka daina zuwa jam'i saboda matakalar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.