Takardar Gwajin Autanmu

Maƙalata ta wannan makon a kan ƙanina ce, autanmu, ɗan shekara 14.

Tun yana firamare sunansa ɗaya a unguwarmu a Jibiya: mai ƙiriniya. A aike shi sayen magi, sai a tsince shi a Magama yana kallon manyan motocin da ke jiran tsallakawa Ɗan Isa, kuɗin aiken na hannunsa, ya manta abin da aka ce ya sayo. Ya sha bulala a boko, ya sha a Islamiyya, ya sha a gida, ni ma hannuna na ciki. An yi masa rubutu ya sha, an yi tofi. Ga shi da kaifin ƙwaƙwalwa, rediyon Baba ma shi yake gyarawa, amma zaman minti goma a kan littafi ya gagare shi.

Bara na ci karo da bayanin wata larura da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin tattara hankali da yawan motsi. Wani babban nazari na 2007 ya ƙiyasta cewa kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. Na sauko da takardar tantancewa ta Vanderbilt, wadda iyaye ke cike ɗaya, malami ya cike ɗaya. Tambayoyi 18 na farko duk a kan wannan larura suke. Da na karanta sai na ga kamar Auta aka zauna aka kwatanta.

Inna ba ta jin Turanci, malaminsa na Islamiyya kuma Larabci ya fi ƙwarewa a kai, don haka na nemo masa fassarar Larabci. Muka zauna a zaure bayan la'asar, Malam yana karanta tasa, ina karanta tawa, muna mayar wa Inna da Hausa tana amsawa daga bakin ƙofa. A nan na gane aikin ya fi ƙarfin fassarar zaure.

Akwai tambayar da ke cewa ko yaro yana motsi kamar an kunna masa inji. Inna ta yi dariya ta ce, "Injin ban-ruwa ma ai yana hutawa." Wannan ta wuce lafiya. Da muka zo kan ko yana katse mutane in suna magana, sai ta ce atafau bai taɓa ba. Gaskiyarta, wane yaro ne zai katse babba a gidan Bahaushe ya kwana lafiya? Amma a cikin sa'o'insa ba ya barin kowa ya kai aya. Tambayar barin wurin zama a aji kuwa, Malam ya ce, "'Yata, ajin da yara suka cika maƙil a tabarma, wa zai lura da wanda ya tashi?" Amsoshin ma matakai huɗu ne, daga bai taɓa ba zuwa sau da yawa ƙwarai, ita kuwa Inna biyu ta sani: a'a da kullum.

Mu mutanen kan iyaka mun san ba a shiga kasuwar Maraɗi da lissafin naira sai an bi ta wurin ɗan canji. Makin da takarda ta bayar a Amurka ko Riyad shi ma sai an yi masa canji kafin ya yi aiki a Jibiya. Masana suna da hanyar yin haka. Mutum biyu su fassara daban-daban, wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar harshen farko a duba abin da ya zube a hanya. Sannan a gwada ta a kan iyaye da malamai masu yawa, a kwatanta sakamakon da binciken likita ido da ido, a ga masu larurar nawa ta kama, lafiyayyu nawa ta yi wa ƙage. Masu binciken ƙasashen Larabawa sun yi wa harshensu irin wannan aiki. Mu ma yaranmu sun cancanci a yi musu da Hausa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Shekarun nan na 'yan bindiga sun bar mana yara da yawa masu firgita, marasa barcin kirki, waɗanda aka raba da ƙauyukansu. Yaron da ya kwana yana jin harbi ba zai natsu a aji ba, wanda ya fito da yunwa ma haka. Takardar da ba a daidaita ta da rayuwarmu ba za ta iya tattara su duka ta liƙa musu suna ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta 2013 ta ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar yaron. Takarda rariya ce kawai, hukunci na likita ne.

Mun kai Auta asibiti a Katsina. Likitar ta daɗe tana yi wa Inna tambayoyi da Hausa, ta tabbatar halin nan ya riga tashin hankalin zuwa, kuma har yanzu muna komawa ganinta. Abin da ya sauya a gida shi ne an ajiye bulala. Aike ɗaya ake ba shi a lokaci guda, ya maimaita da bakinsa kafin ya fita. Malam ya dawo da shi sahun gaba, shi ke raba littattafai don ya samu dalilin miƙewa. Ranar da na ba shi haƙuri kan dukan da na yi masa, cewa ya yi, "Yaya, ni ma ina so in zauna, jikina ne ba ya yarda."

Gare mu marubuta, ga aiki. Ƙiriniya, rawar kai, giggiwa, garaje, shagala, kowace da inda ta dosa, kuma duk likitan da zai fassara takardar nan zai buƙaci wanda ya san bambancinsu. A garinku me ake kiran irin wannan yaro?

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya.