Bindigar da na gani a bayan gado a Sharabi

Bikin 'yar goggona ne ya kai ni Sharabi, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, yankin da Kogin Kwara ya ratsa, ga Jamhuriyar Benin nan kusa ta iyakar Tsamiya. Ƙasa ce ta noma da kiwo, amma hirar dare a zaure duk ta tsaro ce. Tun harin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024, magidanta da yawa ke tunanin ajiye makami.

Ran kwana na biyu na shiga ɗaki ɗaukar zane, sai na iske ɗana ɗan shekara biyar yana jawo bindigar toka daga bayan gado. Jikina ya yi sanyi. Ta mijin goggo ce, tsohon maharbi. Da ya ji, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "'Yata, laifina ne. Bindiga ba ta san mai ita ba, balle jikansa."

Da yamma ya tara samarin gidan ya maimaita musu abin da mahaifinsa ya koya masa: kowace bindiga a ɗauka a ɗure take. Kada a nuna bakinta ga mutum ko da wasa. Yatsa ya nisanci kunama. Albarushi da harsashi a kulle su daban, mabuɗi a hannun babba.

Wani saurayi ya ce shi fistol yake so, ta sa wa a aljihu. Tsohon ya girgiza kai. Kuma doka na bayansa: dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka kuwa na Kwamishinan 'yan sandan jiha.

Na baro Sharabi da buhun shinkafa da darasi guda. Maza ke ajiye bindiga, amma mu ke yini a gida da yara. 'Yar'uwa, idan akwai makami a gidanki, kin san inda yake? A kulle yake? Tambayi maigida yau da dare, cikin ladabi, kafin yaro ya riga ki ganinsa.