Sawun jirgin kuza, daga Zariya zuwa Jos

Alhazan Maraɗi da na Tsibiri da ke bin hanyar Ɗan Isa, su ratsa Jibiya da Katsina har Zariya, ba kowa cikinsu ya san cewa daga Zariya wani layin dogo ya taɓa miƙewa kudu maso gabas har ya hau tsaunukan Jos ba. Yau babu shi. Amma wanda Allah ya hore wa kwana biyu da mota mai lafiya yana iya bin sawunsa kamar mai warware kacici-kacici, domin kowane zango da tasa tambaya.

Ta farko tana cikin sunan. Turawan Ingila sun kira shi ƙaramin jirgin Bauci, alhali ko sau ɗaya bai taka garin Bauci ba. Dalili kuwa, a wancan zamani tsaunukan Jos cikin lardin Bauci suke, kuma ba domin mutane aka shimfiɗa shi ba, domin kuzar da ake haƙowa ne. Kafin zuwansa, a kan ƴan dako da bayan jakuna ake fitar da ita, tafiyar kwana da kwanaki har bakin kogin Binuwai. An fara aikin a 1911, ƙarfe ya kai Rahama a 1912, ya isa Bukuru a 1914, wajen kilomita 230 ke nan.

Daga Zariya sai matafiyi ya kama hanyar motar Jos. An kwashe ƙarafan tun tuni, amma garuruwan da jirgin ya riƙa tsayawa suna nan da sunayensu: Soba, Dutsen Wai, Rahama, sannan Jengre inda hawa ke farawa. Ya riƙa lura da tudun ƙasa da ya miƙe santal cikin gonaki, irin wanda ruwa ba ya ginawa. Abin da ya fi shi ne ya faka mota, ya gaida dattawan gari, ya tambaya. Wanda ya ga jirgin yana ɗan shekara goma, yanzu ya doshi tamanin, saboda haka mai niyya kada ya yi nawa.

Tambaya ta biyu ita ce ta ƴan kasuwa: me ya sa duk kayan da suka sauko daga Jos sai an sauke su a Zariya, an sake lodi? Faɗin layin santimita 76 ne kacal, na babban layin Legas zuwa Kano kuwa 107. Tarago ɗaya ba ya hawa duka biyu. Turawa sun zaɓi siririn ƙarfe don ya fi araha, sai aka riƙa biyan bambancin da kuɗin dako da ɓata lokaci. Da babban layi ya iso Jos ta Kafancan a 1927, kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Ƙaramin jirgin ya yi ta jan jiki shekara talatin, aka rufe shi a 1957.

Ƙarshen sawun yana gidan tarihi na Jos, inda aka adana kan jirgi da taragai. Mutum ya gan su, sai ya yi mamakin yadda abu ƙarami haka ya haura waɗannan duwatsu. Wajen Bukuru kuma ga ramukan kuza cike da ruwa, kyawawa daga nesa, masu zurfi da haɗari ga yara da dabbobi.

Mu a nan, maganar jirgi ba tatsuniya ba ce. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A 2016 kuma an ƙaddamar da na Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, kilomita kusan 140, bai kuwa taɓa ɗaukar buhun ɗan kasuwa ba. Ma'aikatanmu da ke riƙe da takardun waɗannan ayyuka su duba awo: na Doso faɗinsa mita ɗaya ne, na Kano zuwa Maraɗi santimita 143 da rabi. Ranar da aka haɗa su, a wane gari za a riƙa sauke kaya, wa kuma zai biya ƴan dako?