Ƙafafu huɗu na rile, da tsohuwar Beetle

Tsohuwar mota ba kasafai take ƙin tashi saboda mutuwar kik ba. Wutar ce ke gajiya a hanya. Tawa Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, kuma a irinta batir yana ƙarƙashin kujerar baya, kik yana dab da shi, amma makulli yana gaba. Dole wuta ta je wurin makulli ta komo, ta cikin wayoyin da suka haura shekara 50 suna tsatsa. Kafin ta iso, ƙarfinta ya ragu, sai ka murɗa makulli ka ji ƙas, ko ka ji shiru, musamman idan inji ya ɗauki zafi.

Maganin da na yarda da shi rile ne, ɗan akwatin da ke karɓar umarni da wuta kaɗan, ya buɗe wa mai yawa gajeriyar hanya. Ƙafafunsa suna ɗauke da lambobi bisa tsarin Jamus na DIN 72552. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta kai tsaye daga batir, ta waya mai kauri da fis kusa da tushe. Ta 87 tana zuwa ƙafa ta 50 a kan solinoid ɗin kik. Tsohuwar wayar makulli, wadda a da take shiga 50, ita ake mayarwa 86. Ta 85 kuwa a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, inda aka kankare fenti. Daga nan makulli ba ya ɗaukar nauyin solinoid, sai ɗan abin da bai kai amfiya ɗaya ba.

Hatsarin yana ga rile mai ƙafa biyar. Ƙafar tsakiya, 87a, a haɗe take da 30 tun kafin a taɓa makulli. Wanda ya sa wayar solinoid a can, da zarar ya mayar da kan batir kik zai kama juyi, idan kuma motar tana giya ta yi gaba da duk wanda ke tsaye. Shi ya sa nake cire kan negetif kafin komai, in fitar da giya, in ja birkin hannu.

Rile ba ya warkar da ruɓaɓɓiyar waya ko mataccen batir. A fara goge kawunan batir da wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, sannan a saka shi.